Baba a Cikin Taɓo

Madarumfa, ranar Laraba

Zuwa ga Yaya Salim,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da Yaya Samira da yara. Allah ya ƙara rufa asiri, ya ba da sa'ar aiki can Yamai. Mu nan lafiya lau. Inna ta warke daga ciwon idon, akuyata kuma ta haifi biyu.

Yaya, ka san ni ban iya magana gaban manya ba, shi ya sa na rubuta. Raina a ɓace yake, kuma har da kai. Inna ta nuna mini a wayarta bidiyon da Nasiru ɗan Kawu Haruna ya watsa wa dangi, na kuma ga fuskokin dariya da ka sa a ƙasansa. To bari in faɗa maka abin da ka yi wa dariya.

Ruwan tabki ya ja baya, dole a matsar da tiyon injin ban ruwa, in ba haka ba albasar garka ta bushe. Ka san taɓon wurin, sama ya bushe kamar hanya, ƙasa kuwa kunu ne. Sai an shimfiɗa karan dawa ake takawa. Baba ya sa Nasiru ya shimfiɗa, Nasiru ya ce ya yi, ashe a baki-baki kawai ya zuba. Baba ya taka, ya nutse har cinya. Ƙafarsa ta hagu kuma tun ciwon bara ba ta da ƙarfi. Ya zaro wannan, waccan ta shige. Ya dafa da hannu, hannun ma ya tafi. Yana ta kici-kici, yana lalube, yana faɗuwa, taɓo har gemu. Nasiru na tsaye da waya maimakon sanda. Ni na ruga na kira masuncin nan Ɗan Baba ya jawo shi da gorar jirgi.

Yanzu a bakin kasuwa wasu na cewa iyo Baba yake koyo, wasu na cewa rawa ce. Tun ranar bai koma garka ba, ko majalisa ba ya zuwa. Albasa ta fara kwanciya. Na tono hularsa daga taɓon na wanke tas, ya ce in ajiye.

Jiya ina kai masa fura ya tambaye ni a hankali, "Safiya, Salim ma ya gani?" Na sunkuyar da kai, na fita. Ba zan yi masa ƙarya ba, ba ni kuma zan faɗa masa ba. Ka goge abin nan, ka sa Nasiru ya goge, sannan ka kira Baba ka amsa masa da bakinka. Har yanzu jira yake.

Ka gaida Yaya Samira, da Binta da Jamila. Inna na gaishe ku. Allah ya sada mu da alheri.

Ƙanwarka,
Safiya