Rusunawar da Na Yi wa Babanki

Zuwa ga Kadidja, sanyin idona, ruwan kwakwar tsakar rana, iskar teku mai biyo ni har cikin lungunan Zongo, kuma senpai tawa, wato wadda ta riga ni shiga karate.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, na ɗauki biro ne don doka ta hana surutu a dojo, ɗakinmu na atisaye, ga shi kuma ƙofar gidanku ta fi ƙarfina tun ranar Lahadi.

Kin tuna ranar da na fara zuwa? Na tako tabarmar atisaye da takalmi, kika dube ni, kika dubi ƙafata, ba ki ce uffan ba. Ya tauraruwata, wane tsuntsu ne ya taɓa rera abin da ya kai wannan shirun daɗi? Na zo ne neman lafiyar jiki bayan na karɓi lisans ɗina, wato digiri, a jami'a, sai na koma gida da ciwon zuciya. Ke kina can farkon sahu da ɗamara mai ruwan ƙasa, ni ina can ƙarshe da fara. Tsakaninmu mutane ne kawai, amma wallahi ji nake kamar daga nan zuwa unguwar Avédji mai nisa a ƙafa.

Saboda ke na haddace komai. Na san rei ita ce rusunawa, har na je na tambayi malami, ya ce in dai ba ta kai ruku'u ba in kwantar da hankalina. Na san seiza, zaman da ke kashe ƙafafu. Na saba amsa wa Sensei Iddi, mai koya mana karate, da "osu", wato "to" ɗin 'yan karate, har ina faɗa wa mai zemijan, wato ɗan acaɓa, idan ya sauke ni.

Sabon nan ne ya kai ni ya baro. Da na zo gaida Alhaji Alassani, mahaifinki, ranar Lahadin nan, niyyata in durƙusa kamar kowane ɗan mutunci, na ma gwada a ɗaki. Amma da ya ɗago kai, tsoro ya shafe min komai, jiki ya yi abin da ya saba. Na haɗe dugadugai, na rusuna a tsaye, na ƙwala "osu" har kajinku suka watse. Gaskiya kuma sai a faɗe ta duka: ko a karate ban yi daidai ba. Babba ana sunkuyar masa da ido, abokin karawa ne ake tsarewa da kallo. Ni kuwa na kafe Baba da ido ko ƙiftawa babu. Ashe gaisuwar neman faɗa na yi wa surukina!

Na ji ya ce yaron da ke harararsa a zaurensa ba zai ba shi ko akuya ba. Ga shi kawuna Buraima ya shirya kawo goron neman aurenki ranar Juma'a mai zuwa. Idan aka mayar da goron nan, ina zan sa kaina? Wace inuwa za ta karɓe ni bayan taki?

Don Allah, farin watana, ki bayyana masa cewa a Japan ladabi ne, ki bar zancen idon. Na yi alkawari zan dawo in durƙusa har sai ya gaji ya ce in tashi.

Ranar Asabar Sensei ya haɗa ni kumite da ke, wato karawar mutum biyu. Tunda ba a magana, ga shawara: in Baba ya haƙura, ki nausa min a haƙarƙarin hagu, in bai haƙura ba, a na dama. Ba zan tare ba, don kada in rasa amsar. Ki dai bar min fuska, da ita zan koma gaban Baba.

Naki har abada, ko ta wane gefe amsar ta zo,
Sabitu