Miyar Jegon Hadiza

Daren Laraba

Abin da na yi yau bai yi kyau ba. Hadiza, matar ɗana, kwana ukku tana tsaye tana dahuwar miya, tana zubawa a robobi tana jerawa a firiza, don in ta ɗauki hutun haihuwa kar su riƙa sayen abinci. Yau dangina sunka zo daga Maiyama, mutum tara. Don kar su ce gidan ɗana babu, na kwashe roba bakwai na ɗumama musu. Har ina cewa su ƙara.

Ta dawo daga aiki ƙafafu a kumbure, ta buɗe firiza, ta daɗe tsaye. Sannan tac ce, "Inna, sun dai ƙoshi?"

Da zagina tay yi, da yanzu na yi barci.