Ƙoƙi-ƙoƙin Kebbe

Tambuwal, daren Lahadi, Agusta 1962

Yau kam raina ya ɓaci, kuma ba ni da wanda zan ɗora ma laifi sai kaina. Wata guda ke nan ina gaya ma manoma cewa ƙoƙi-ƙoƙi na cinye ƙwarin da ke ɓata auduga, har na yi alkawarin nuna musu gobe a kasuwa, tunda ni ne malamin gona. Sai na haɗa gidan ƙwai biyu cikin akwati guda mai raga: na jajayen nan namu, da na korayen da na ɗauko daga fadamar Kebbe bisa keke, ruwa na dukana.

Namu sunka riga ƙyanƙyashewa da kwana goma sha biyu, sunka yi ƙarfi. Na Kebbe sai jiya sunka fito, ƙanana kamar tururuwa, akwati ya cika. Da na dawo daga Sanyinna da la'asar, saura bakwai na iske cikin na Kebbe, namu sun cinye sauran. Na takwas ɗin ma ina kallo anka cafke shi a wuya. Tsutsotsin audugar da na zuba musu kuwa ko kallo ba su samu ba.

Kawu Bawa ya leƙa, ya yi dariya har da tari.

Nac ce, "Kawu, ai dangin juna ne!"

Yac ce, "Ɗana, wanda ya riga ka girma kuma shina jin yunwa, ina ruwanai da dangi?"

Na kwashe bakwan na sa a kwalba. Gobe ko dai in ƙi fita, ko in tsaya gaban jama'a in ce magani ya cinye magani.