Taki Tara Zuwa Kabarin Inna

Daren Laraba, Karaye

Ruwan safiyar yau ya kwashe shingen duwatsun da muka yi wata biyu muna jerawa a bakin kwazazzabo. Ni na bi gida-gida ina cewa in muka yi gayya zaizayar za ta tsaya. Har mata sun ɗebo dutse a ka. Yau ko buhun yashi ɗaya cikin waɗanda muka tokare shingen da su ban tarar a wurinsa ba.

Bayan la'asar na auna da ƙafata. Taki tara ya rage tsakanin ramin da kabarin Inna.

Na roƙi Kawu Bello, ƙanenta, ya sa baki a sake fitowa. Sai ya ce:

"Sani, mutane sun gaji, ga noma na jiransu. Mi za ka ce musu wanda ba ka ce ba?"

Ya ce gara mu ga liman, a mayar da Inna wani wuri kafin ruwa ya riga mu.

Hadari na sake haɗuwa a gabas. Gobe zan fita da amalanke in ɗebo dutse ko ni kaɗai ne. Ba ni iya bisne uwata sau biyu.