Ƙulun Goshina Yana Sacewa

Zuwa ga Ladidi, hasken idona, sanyin ƙirjina, ruwan farkon damina a kan busasshiyar gonata, sarauniyar masu ɗanwake tun daga Sharada har Challawa!

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kina lafiya, ke da su Baba da Inna. Ni ne dai Labaran ɗinki, malamin tarihin nan na Gumel, wanda yau kwana takwas ke nan kina miƙo masa kwano fuskarki tana kallon gabas. Jummai, in ke ce kike karanta mata, don girman Allah ki rage dariya, ƙanwarki nake roƙo.

Ya farin watana, bari in faɗa miki inda ciwon ya samo asali. Mu arba'in aka tattaro, malaman tarihi masu koyar da 'yan aji shida, mu yi kwas na dogon hutu. Iska ta yaye kwanon makarantar da za mu zauna, sai aka ara mana sito a kamfanin sabulun da kike kafa tebur a ƙofarsa. Siton kuwa yoyo yake. Ruwa na sauka a kan katan-katan ɗin sabulu sai kumfa ta taso, malaminmu Dokta Gwadabe yana bayanin faɗuwar daular Songhai, kumfa har gwiwarsa, ko a jikinsa. Mako biyar yana dasa mana abu guda a ka: malamin tarihi ba ya yarda da magana sai da kwanan wata da shaidu biyu. Safe shaidu biyu, yamma shaidu biyu. Wallahi har ta kai in an yi mini sallama sai na waiga in ga wa ya ji kafin in amsa.

Kin tuna waccan Talatar? Yaya za a yi ki manta! Jiniya ta yi shiru, ma'aikata sun koma ciki, layi ya ƙare, saura ni da ke. Kika ƙara mini mai da yaji da rabin ƙwai, kika sunkuyar da kai, ke da kunya ba ta barinki ki ambaci sunana, kika ce kina sona, in turo magabatana. Wayyo Allah! Wace kurciya ce ta taɓa kuka mai daɗin wannan? Zuciyata ta yi ta dakan sakwara. To me Labaran ya yi? Ya zaro littafi ya rubuta: Talata, bakwai ga Agusta, 1984, ƙarfe biyu da kwata. Sannan ya tambaye ki ko za ki maimaita a gaban Baba Lawan maigadi da wani mutum ɗaya. Ban ga tahowar ludayin ƙarfen ba. Ƙwal kawai na ji a goshi, kuma na cancanta.

Da abin ya tsaya nan ma da sauƙi. Washegari Dokta ya ga goshina ya tambaya, ni kuwa ban iya yi wa malami ƙarya ba. Nan take ya rubuta zancenmu a allo, ya kasa mu gida uku. 'Yan gida na farko suka ce lallai kin faɗa. Na biyu suka ce ba a dogara da mai ba da labarin da ke da buƙata a cikinsa. Na uku suka ce dalili na kusa shi ne ludayi, na nesa kuwa Turawan mulkin mallaka. Mutanen nan da suka kewaye teburinki ranar Alhamis da littattafai, suna auna tsakaninki da ƙofa da taku, ba wanda ya sayi ko na sisi, ai mu ne, ki yafe mini. Ni ne mai ɓuya a bayan tirela. Suka tsare Baba Lawan da tambaya, ya ce shi alwala yake, bai ji komai ba sai ƙarar ƙarfe da salati, kuma su matsa masa daga kan tabarma. A ƙarshe aka yanke cewa ba a tabbatar da soyayya ba, an dai tabbatar da ludayi. Aka sa rula aka auna ƙulun, inci ɗaya da rabi. Dokta ya ce bai taɓa ganin hujja mai kyau irin wannan ba, ya ba ni makin da ya fi na kowa.

Me zan yi da maki, ya inuwar kukata? Maki yana zuba mini yaji? Ga abin da ke cin raina: ƙulun yana sacewa! Kowace safiya sai na duba madubi, inci ɗaya, rabin inci, yau bai fi ƙwayar wake ba. An ba ni man zafi na ƙi, an ce in gasa da ruwan ɗumi na ƙi. Shi kaɗai ne abin da hannunki ya bar mini, shi ma ga shi zai tafi. Jibi Juma'a, ana saukowa daga masallaci, mota za ta kwashe mu. In na koma Gumel kina fushi, da wane baki zan ce wa Kawu ya ɗauki goro ya zo Sharada? Hutu na gaba sai Disamba, kuma ina gani da idona, foman ɗin masaƙar nan mai babur yanzu shi ake ba rabin ƙwai. Ina jin tsoro, Ladidi, tsoro sosai.

Littafin nan na jefa shi a kumfa, ta cinye shi. Na yi miki alkawari, daga yau duk abin da ya fito daga bakinki ya zauna. In kika ce ke kika gina ganuwar Kano da hannunki, haka zan koya wa 'yan aji shida, su rubuta a jarrabawa, mu faɗi tare.

Gobe Alhamis, ƙarfe biyu da kwata, zan tsaya a gaban teburinki, ba littafi, ba biro, ba Baba Lawan, na ture hula baya. Ki sake faɗa mini, ni kaɗai, a hankali yadda ko ƙudan da ke kan murfin tukunya ba zai ji ba, zan yarda. In kuwa bakin ya yi miki nauyi, ga goshi, ludayi yana hannunki, ki sabunta mini. Ko wanne kika ba ni, da shi zan je gaban Kawu.

Ki duba saman takardar nan, ban sa kwanan wata ba, kuma ba mantawa na yi ba.

Naki, daga yau har ƙasa ta rufe idona, ba tare da shaida ko ɗaya ba,

Labaran