Ni Na Ɗaure Tukunyar Kashe Gobara Da Waya

Anti, don Allah ki taimake ni, ban san wa zan faɗa wa ba.

Ni mai gyaran babur ne. Hannuna ya saba, duk abin da na ga yana rawa sai na ɗaure shi da waya. Bara na sayo tukunyar kashe gobara na rataye a kicin. Akwai wani ɗan fil a kanta da ake zarewa kafin a matsa, na ga yana motsi, sai na ɗauko filaya na murɗe shi da waya tam, kada ya faɗi ya ɓace. Har daɗin aikina na ji.

Sati uku da suka wuce, da rana ina bakin aiki, mai ya kama wuta a kasko. Matata ta ja fil ɗin, ta ja, ya ƙi fita. Sai ta watsa ruwa. Wutar ta yi tsalle ta cinye mata hannuwa biyu har gwiwar hannu.

Ba ta san da wayar ba. Ta ɗauka ita ce ba ta da ƙarfi. Kullum ina ba ta abinci a baki tana ba ni haƙuri, wai na kawo abin tsira ta kasa amfani da shi. Yayarta ma har tsokanarta take yi da ragwanta. Ni kuwa shiru. Ba na kuka, ba na jin komai, ina zuwa aiki ina dawowa kamar an aike ni. Wayar na kwance ta na jefar. In faɗa mata, ko in bari?

Mai gyaran babur.

Ɗan'uwana, sannu, Allah ya ba ta lafiya.

Ba mugunta ka yi ba, da niyyar kare iyalinka ka sayo tukunyar, kuma rashin jin komai ɗin nan firgici ne, zai sake ka. Amma shirunka ba ita yake karewa ba, kanka kake karewa.

An yi fil ɗin da sako-sako ne da gangan, don mai ruɗewa ya zare shi da yatsa ɗaya. Ka kai tukunyar wurin masu sayarwa su duba ta, ka tambaye su ko irinta na kashe wutar mai, don ba kowace ba. Kai da matarka ku koya tare: a zare fil, a saita gindin wutar, a matsa, ƙofa tana bayanku. Wutar mai kuwa ba a yi mata ruwa. A kashe murhu, a rufe da murfi, idan ta fi ƙarfi a fice a kira 'yan kwana-kwana.

Ka faɗa mata yau, ku biyu kawai. Wataƙila ta yi fushi, haƙƙinta ne, ka jure. Ƙunar hannu likita na kula da ita. Laifin da take ɗora wa kanta kuwa, kai kaɗai za ka iya sauke mata shi, kuma kullum ka bari ta ba ka haƙuri kana ƙara mata nauyinsa.

Allah ya sanyaya muku, ya tsare gaba.