Alwala a Ƙasar Ƙanƙara

Daren Talata, Panshekara.

Likita ya ce sai an yanke min yatsun ƙafa biyu. Duk a kan kallon wasa!

Kamfaninmu na jimar fata a Challawa ya tura ni Italiya koyon sabon inji, aka kai ni kallon gasar duniya ta gudun zamiya a kan ƙanƙara. La'asar ta yi, na ɗauro alwala kamar ina gida, na zura jiƙaƙƙun ƙafafu a safa, na tsaya awa uku ina tafi. Sanyi ya daskarar min da yatsun, haka na dawo gida da su.

Ɗazu Innata ta ga yatsun sun yi baƙi, ta ce, "Haba Habu, ba ga shafa a kan safa ba? To wa ma ya ci wasan?"

Wallahi ban tuna ba. Ni da aikina na tsaye ne, yaya zan yi in an yanke su?